Minti Ɗaya a Bakin Rijiyar Baba

Sau uku Baba yana aiko mini in zo da kamara, sau uku ina cewa sai mako mai zuwa. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don in na bari sai tsakiyar labari zan yi masa kwaskwarima, kwaskwarima kuwa ita ce sana'ata.

A shekarun casa'in ina da shago a Birnin Konni, ina ɗaukar bidiyon buki da suna da walimar alhazai. Ina da ƙatuwar kamara ta saɓawa a kafaɗa, da injin bidiyo guda biyu da na jona da waya, ɗaya yana karanta kaset, ɗaya yana kwafa. Da su nake montaj, wato in yanke inda amarya ta yi hamma, ko inda wani babban mutum ya kai lomar da ta fi bakinsa, in haɗa sauran ya tafi sumul kamar ba a taɓa ba. Wata uku kacal na yi ina koyon aikin a Sakkwato, amma in ka ji ni a bakin shago sai ka rantse ni na ƙera injin. Ina da wani baƙin tabarau da ba na cirewa ko a cikin ɗaki. Allah dai ya shirya.

Mu uku ne muka rayu a wurin Baba: wana da ke Abijan yana sana'ar nama, sai yayata, sai ni auta. Baba yana da garka a kwarin Badaguishiri, kuma duk faɗinta rijiya ɗaya ce. Da mijin Yaya ya rasu ta dawo gida da 'ya'ya huɗu, Baba ya nuna mata ɓangaren da ke da rijiyar ya ce ta yi albasa. Shekara da shekaru tana yi, da shi take ci da yaranta. Amma babu wanda ya san ko aro ne ko kyauta. Abin da Baba yake so ya faɗa ke nan a gaban kamara. Ya taɓa ganin wani kaset na suna da na ɗauka, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga abu ba shi mantuwa ke nan?" Na ce ba ya yi. Ya ce, "To ka zo mu taka iyaka tare."

Ban je ba. Da ya gaji da jirana sai ya roƙi malamin lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko, wanda kowa ke kira Mushe, shi kuma ya aro wata 'yar ƙaramar kamara a hannun masu aikin gina rijiyoyi, suka zaga garkar su biyu. Da bazara Baba ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in aka fara maganar gado. Wana ba mugu ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Cewa ya yi, "Mushe shaida ɗaya ne. In na ji da bakin Baba, magana ta ƙare, rijiya ta Yaya ce." Mako biyu ya rage masa ya koma Abijan. An riga an mayar da 'yar kamarar ga masu ita, sun bar yankin, saboda haka babu inda za a kalli kaset ɗin sai wurina.

Yaya ce ta kawo shi da kanta, ɗaure a bakin zane. Ɗan mitsitsi ne, bai fi tafin hannu ba, irin wanda sai an sa shi cikin adafta, wani gida mai girman kaset na gaske, kafin inji ya karɓa. Tana miƙo mini ta ce, "Auta, Mushe ya ce kada a juya shi. Ya tsaida shi daidai wurin rijiya, don kada a sha wahalar nema."

Na ce, "Mushe shi zai koya mini aikina? Ya tsaya ga allonsa."

Duk da haka na mayar da lambar injin kan sifiri, yadda zan iya dawowa daidai wurin, na danna. Telbijin ta yi fari, ta yi baƙi, sai ga layuka suna gudu kamar ruwan sama mai iska. Can bayansu wani abu yana motsi, amma ba ka iya cewa mutum ne ko itace. Murya kuma ta fito, siririya, tana tsiyaya da sauri kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa.

Yaya ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Ta kasa kunne, sannan ta ce, "Wallahi Baba ne. Ka ji tarinsa. Sauri kawai shikai."

Na yi dariya, har da dafa tebur. Na ce, "Haba Yaya! Baba da sauri? Mutumin da ke kai azahar daga gida zuwa garka?" Na ce ta je kasuwa ta yi sayayyarta, kafin la'asar na gyara. Ta tafi tana waiwaye.

Na murɗa maɓallin daidaita hoto har ƙarshe, na dawo da shi har ƙarshe, babu canji. Na mayar da kaset kan sifiri na sa a inji na biyu, shi ma haka. Na kwance murfi na goge kan da ke karanta kaset da sinadarin alkol da tsumma mai laushi. Na sauya waya, na sauya batirin adafta, na hura, na ɗan mari telbijin a gefe kamar yadda muke yi mata in ta yi gardama. Na yi tunanin ko bambancin tsarin hoto ne, don mu mutanen bakin iyaka mun saba da wannan, kaset ɗin Nijar a injin Najeriya yakan ƙi launi. To amma in wannan ce matsalar, hoto baƙi da fari yake fitowa, ba ya yagewa, murya kuma ba ta sauyawa. Iyakar ilimina ke nan, na zo ƙarshensa tun kafin azahar.

A nan ya kamata in rufe shago in nemi wanda ya fi ni. Akwai shi kuwa, wani dattijo mai gyaran rediyo a Malbaza, wanda kowa ya sani, wanda ni kuma nake kira mai gyaran fitila in ana hira. Sai dai muryar ta riga ta jawo mini 'yan kallo. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya bar kekensa ya zo ya jingina da ƙofa, mai shayi ya biyo shi, wasu ma suka tsaya.

Tela ya ce, "Injiniya, yau aljanu ka ɗauko a buki?"

Mai shayi ya ce, "Kai bari, injin ne ya tsufa. Gaba da gabanta."

Aka kwashe da dariya. Ni kuma kaina ya ɗau zafi. A taɓa mini komai, ban da injina. Na ce musu yanzu zan nuna musu ko laifin wa ne. Tun a gida Mushe ya riga ya karya ɗan haƙorin da ke gefen kaset, wanda in babu shi inji ba ya ɗaukar sabon hoto a kai. Ko wannan kaɗai ya isa ya tsaida mai hankali. Na yanko salatif na manne ramin. Na mayar da kaset kan sifiri, na jona kamarata da injin, na ɗora ta kan tebur, na zauna a gabanta na danna jan maɓalli.

"Ɗaya, biyu, uku, gwaji. Konni ke magana." Na gyara tabarau, na taje gashi, na kira tela ya leƙo ya ƙi. Minti ɗaya na yi, na duba agogo. Da na juya na kunna, sai ga ni tar, launi ras, murya garau.

Na ce, "To kun gani? Inji lafiya lau, kaset lafiya lau. Wanda ya ɗauka ne bai iya ba, shara ya cika kaset da ita."

Na yarda da maganata a lokacin, ko in ce na tilasta wa kaina yarda. Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji sa'ad da nake ɓamɓare salatif, na sha shayi a kansa ya wuce. Da Yaya ta dawo na ce mata aikin Mushe ya lalace, amma ta bar mini kaset in ƙara dubawa. Ban faɗa mata zancen gwaji ba. Kwana biyu bayan haka na je gida, a gaban wana da dattawan unguwa na ce Mushe bai ma san inda ake danna kamara ba, wa ya sani ko ya ɗauki wani abu. Mushe yana zaune. Mutum ne mai sanyi, ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ya gani da idonsa a cikin 'yar tagar kamarar. Na ce, "Ido ai yana ganin ruwa a kan kwalta."

Abin da ya kai ni Malbaza kallon da Yaya ta yi mini ne da zan hau mota. Ita ce ma ta riƙe mini jaka har na zauna. Washegari na ɗauki kaset da inji ɗaya na tafi, na bi ta bayan kasuwa don kada wani ɗan Konni ya gan ni.

Dattijon yana zaune a rumfarsa cikin tarin matattun rediyoyi. Na fara yi masa dogon bayani da faransanci. Ya ɗaga mini hannu, ya ce in kunna a injina ya ji. Bai ko kalli telbijin ba. Muryar tana fitowa ya ce, "Sauri shikai."

Abin da Yaya ta faɗa ke nan, na yi mata dariya.

Ya ce ƙananan kamarorin nan gudu biyu gare su. Akwai na kullum, akwai kuma na jan rai, wanda ake sawa in ana son kaset ɗin rabin awa ya kai awa guda. Ya nuna mini haruffan a jikin wani tsohon injinsa, SP da LP. Nawa duka biyun gudu ɗaya suka sani, shi ya sa suke jan kaset ɗin ninki biyu. Ashe Mushe kaset ɗaya gare shi, ya kuma san tafiyar Baba, shi ya sa ya sa kamarar a kan jan rai don ta ishe su zaga garkar duka. Mutumin da na ce bai san inda ake dannawa ba.

Muka juya kaset har farko, dattijo ya sa a injinsa. Sai ga Baba. Ga shi da tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa da sandarsa, yana tafe a hankali yana nuna gindin gamba da aka dasa a kan iyaka, yana faɗin wanda ya dasa kowanne. Ya yi tari, irin tarin nan nasa. Na cire tabarau don hawaye sun hana ni gani. Ya wuce itacen bedi, ya wuce tsohuwar tsamiya, ya karkata ya nufi rijiya. Ya jingina sandarsa, ya dubi kamara, ya ce, "To, wagga rijiya da abin da ke kewaye da ita..."

Hoto ya girgiza. Sai ga wani ɗan iska da baƙin tabarau yana cewa Konni ke magana.

Minti ɗaya na zauna ina kallon kaina ina taje gashi. Dattijo ya dubi telbijin, ya dube ni, ya sake duban telbijin. Da ƙasa ta tsage da na shige. Da fuskata ta gushe, Baba ya riga ya bar rijiya, yana can gefen yamma yana maganar wata magarya. Na tambayi dattijo ko akwai dabarar da za a ɗaye na sama a ga na ƙasa. Ya ce, "Ɗana, ba rufe shi ka yi ba, shafe shi ka yi. Mintinka ɗaya kuma biyu ya ci nasa."

Har nan, in an yi mini adalci, wauta ce da girman kai. Abin da na yi bayan nan shi ne ba ni da sunan da zan ba shi. Na roƙi dattijo ya bar ni in jona injina da nasa in kwafe shi a babban kaset, ya yarda. Ina kwafa, da Baba ya karkata zai nufi rijiya, kafin ya buɗe baki, yatsana ya danna dakata. Na bar fuskata ta wuce, na saki daidai inda ya kama hanyar magarya. Ban taɓa yin haɗi mai kyau irin wannan ba, ko ƙyaftawa hoton bai yi ba. Dattijo yana kallon hannuna. Da na gama na miƙa masa ladan aiki, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Ni gyara nikai. Wanga da ka yi ban san shi ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka kunna a zauren gidanmu, da ɗan injin wuta, an rataya bargo a ƙofa don haske. Zauren ya cika. Da Baba ya fito mata suka fashe da kuka, wana ya rufe fuska da hula. Ana ta sa mini albarka, ana cewa auta ya tada matacce. Na karɓa, har ina cewa ai aikin ya ba ni wuya.

Da aka wuce rijiya Mushe ya miƙe tsaye. Ya ce, "A'a. Akwai magana a nan. Ya tsaya, ya yi magana, ya kira sunan Yaya sau biyu."

Duk aka juyo gare ni. Na ce, "Abin da ke ciki ke nan. Wataƙila ka zaci kana ɗauka alhali ka kashe." Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na kuwa naɗe ta, har da ɗaga murya.

Yaya ta ce in mayar baya kaɗan. Na mayar. Ta kalla, ta ce in ƙara. Sannan a hankali, kamar mai magana da kanta, ta ce, "Hannun rigarsa busasshe ne da ya nufi rijiya. Ga shi nan kuma jiƙe har gwiwar hannu." Kowa ya gani, haka ne. Baba bai taɓa wuce rijiyar nan bai ja guga ya sha ba. Ta dube ni. Ni kuma na duƙa ina gyaran wayar da babu abin da ya same ta.

Jiƙaƙƙen hannun riga ba shaida ba ne. Aka raba garka yadda addini ya ce, ɓangaren rijiya ya faɗa rabon wana, Yaya ta sami wani siririn yanki can gefen magarya. Wana ya sayar da nasa kafin ya koma Abijan. Wanda ya saya bai hana ta ruwa ba, amma sai ya gama nasa ban ruwan, kuma daga rijiyar zuwa yankinta tafiya ce. Mushe ya nemi canjin wurin aiki a ƙarshen shekarar, aka kai shi wajen Tajaye. Ban taɓa ba shi haƙuri ido da ido ba, takarda na rubuta masa daga baya, bai amsa ba, kuma bai yi laifi ba.

Shekara guda na riƙe abin a cikina. Na sayi injin da ya san gudu biyu, na daina sa tabarau, mutane suka ce na natsu. Da rani ya zagayo na je gida, na tarar da Yaya da rana tsaka tana ɗauko ruwa da garwa biyu a kan sanda, albasarta ta yi ja a baki don ƙishi. Na karɓi garwar na kai mata sau uku, kafaɗata ta sale. A sawu na huɗu na ajiye na faɗa mata duka, tun daga salatif har rumfar dattijo. Ta saurara tana gyara bakin fangalin albasa da ƙafa. Ta ce ta daɗe da sanin an cire wani abu, abin da ba ta sani ba shi ne me aka sa a wurin.

Na aika wa wana saƙo, ya yi salati, ya ce ya yarda an shafe magana, amma ƙasa ta riga ta shiga hannun wani, mai ita kuma ya ce ba ya sayarwa. Na ba Yaya nawa rabon, ta karɓa, sai dai shi ma babu rijiya a cikinsa.

Abu ɗaya ta roƙe ni, ta ce tana so ta ga ɗan ƙaramin kaset ɗin, na ainihi. Ta zo Konni, na rufe shago, na kunna mata daga tsamiya. Baba ya jingina sandarsa ya ce, "To, wagga rijiya da abin da ke kewaye da ita..." sai ga ni. Na kasa kallo, ita nake kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, tana leƙen gefen kafaɗar wancan mai tabarau, kamar yadda ake yi in dogo ya tsaya gabanka a wurin kallo. Na yi mata bayanin da dattijo ya yi mini, na ce babu kowa a bayan, an shafe. Ta gyaɗa kai kamar ta gane, ta ce in mayar baya.

Na mayar. Da fuskata ta sake fitowa ta kai hannu ta taɓa gilashin da yatsa biyu, ta ɗan tura gefe.

"Auta," ta ce, ba da ni na kusa da ita take ba, da na cikin telbijin take. "Ɗan matsa mana. Baba na magana."